Tambayoyi da amsoshi kan famit ɗin ɗaukar manyan kaya da obalodi a jihohin Amurka

Assalamu alaikum 'yan'uwa direbobi. Waɗannan tambayoyin su ne suke ta maimaituwa daga mutanenmu da suka samu lasin tuƙin tirela a Amurka, musamman waɗanda suka gaji da jan tirela mai rufaffen akwati suna son komawa ɗaukar katafila da taransifoma da irinsu saboda an ce nan kuɗin yake. Eh akwai kuɗi, amma akwai takarda, kuma takardar nan ita ce rabin aikin. Na tattara su wuri ɗaya don kada a riƙa amsa abu guda kullum.

Oga wai daga ina ne kaya yake zama babba har sai an nemi famit?

Abu huɗu ake dubawa, faɗi da tsayi sama da tsawo da nauyi, kuma ko ɗaya ka haura a ciki toh ka shiga layin masu famit. Faɗi shi ne mafi sauƙin riƙewa, ƙafa 8 da inci 6, wato inci 102, haka yake kusan ko'ina tun dokar 1982. Nauyi a manyan hanyoyin tarayya da ake cewa Interstate laba 80,000 ne gaba ɗaya, da mota da tirela da mai da kaya da kai kanka direba, kusan tan 36 kenan. Aksil guda ɗaya, wato layin taya ɗaya, laba 20,000, tagwayen aksil laba 34,000.

Tsayi sama kuma gwamnatin tarayya bata yanka komai ba, ta bar ma jihohi. Yawancin jihohin gabas ƙafa 13 da inci 6 ne, yamma kamar Teksas da Kalifoniya ƙafa 14. Kaga kayan da ka ɗauko a Houston lafiya lau ba ruwanka da kowa, kana gangarowa gabas sai ya zama ya haura doka alhali ko tsinke baka ƙara masa ba. Tsawo shi ma kowace jiha da nata lissafin, tirela mai ƙafa 53 tana wucewa a mafi yawan wurare, amma Kalifoniya tana auna daga ƙusar da ke haɗa kai da tirela zuwa aksil ɗin baya, kada ya wuce ƙafa 40.

Laba 80,000 ɗin nan ai kamar da yawa, ko?

Ba yawa wallahi. In ka cire nauyin kai da bodi abin da ya rage maka na kaya bai fi laba 45,000 zuwa 48,000 ba, tan 20 zuwa 22, wato siminti buhu ɗari huɗu da 'yan kai, alhali a gida tirela buhu 600 take ɗauka kuma ba wanda zai kalle ta sau biyu. Shi yasa wanda ya saba da lodin gida in yazo nan sai yaga kamar wasa ake da mota.

A ina ake karɓar famit na ƙasa baki ɗaya, wanda zai kai ni ko'ina?

Babu shi. Wannan ita ce tambayar da tafi kowacce yawa kuma amsar bata canzawa, gwamnatin tarayya bata bada famit. Ita dai ta yanka iyaka, jihohi ke bada izinin haurawa. In zaka tashi daga Teksas zuwa Ohio, duk jihar da tayarka zata taka sai ka sayi nata, kowacce da kuɗinta da sharuɗɗanta da hanyar da ta yarda ka bi, kuma dole hanyar da wannan jiha ta fitar da kai ta haɗu da wadda maƙwabciyarta ta shigo da kai, in ba haka ba sai ka tsaya a kan iyaka kana jiran gyara.

Ofishin ma ba iri ɗaya bane. A Teksas hukumar rajistar motoci ce TxDMV ke badawa ta manhajarsu TxPROS, a Kalifoniya ma'aikatar sufuri Caltrans, a Pennsylvania manhajar APRAS, a Illinois ITAP. Sannan ga inda sababbi ke faɗawa, famit ɗin jiha na hanyoyin jiha ne kawai. Da ka sauka kan titin ƙaramar hukuma ko na birni toh wani mai gida ka shiga gidansa. Birnin New York nasa famit ɗin daban yake da na jihar New York, hanyoyin da ake biyan kuɗin tolget da yawa su ma hukumarsu daban, kamar ta Illinois. Mil biyun ƙarshe daga babbar hanya zuwa inda za'a sauke kaya sau da yawa su ne ke ba mutum ciwon kai fiye da mil dubun da ya baro.

Me yasa basu haɗa kai sun yi doka ɗaya ba kowa ya huta?

Tarihi ne da gadoji. A 1956 da aka fara gina Interstate aka yanka laba 73,280, amma aka ce duk jihar da dama can take barin fiye da haka ta ci gaba da abinta. A 1975 aka ɗaga zuwa 80,000, wasu jihohin tsakiya suka ƙi bi sai da dokar 1982 ta tilasta musu. Wancan rangwamen na farko har yau yana aiki, shi yasa a Michigan zaka ga mota mai aksil 11 ɗauke da laba 164,000 kuma tana kan doka, ka tsallaka wata jihar da rabin wannan da ɗan ɗori a kama ka. Kuma in za'a faɗi gaskiya jiha ce ke gyara titinta da gadarta, ita ta san wacce gada ce ta tsufa, don haka ban ga laifinsu ba da suka riƙe alƙalamin, laifin da nake gani shi ne ƙananan abubuwa irin girman allo da launin tuta da ba abin da zai hana su daidaita.

Nauyina bai kai 80,000 ba amma sikeli ya kama ni, ta yaya?

Aksil ne, ko kuma lissafin gada. Sikeli baya kallon jimilla kaɗai, kowane rukunin taya ana auna shi daban. Rabon da aka saba a mota mai aksil 5 shi ne 12,000 a gaba, 34,000 a tayoyin kai, 34,000 a na tirela. Zaka iya zama 76,000 gaba ɗaya amma kayan sun zauna baya da yawa tirela ta nuna 37,000, toh ka yi obalodi. Maganinsa ka ja aksil ɗin tirela gaba ko baya in irin mai zamewa ce, ko a matsar da kayan tun a wurin lodi.

Lissafin gada kuma shi ne dokar da ta shigo a 1975, tana duba yawan aksil da tazarar da ke tsakaninsu. Hikimar ita ce gada bata damu da nauyi kaɗai ba, ta damu da ko nauyin a dunƙule yake ko a baje. Gajeriyar mota mai nauyi tafi doguwa cutar da gada. Shi yasa kafin mota mai aksil 5 ta ɗauki 80,000 sai tazara daga aksil na farko zuwa na ƙarshe ta kai ƙafa 51, kuma tagwaye biyun nan kafin kowanne ya ɗauki 34,000 sai an samu ƙafa 36 daga farkonsu zuwa ƙarshensu. Filatbed, wato tirela mai shimfiɗaɗɗen bodi ba rufi, mai aksil biyu a ware da tazarar ƙafa 10 da ɗoriya kuwa ana lissafa kowanne shi kaɗai, sai ya zama 40,000 a baya, dalilin da yasa masu ɗaukar ƙarfe ke son ta kenan.

Kada ka jira sikelin gwamnati ya faɗa maka nauyinka. Akwai sikelin haya na CAT Scale a manyan gidajen man tirela, 'yan daloli ne, ka hau ka karɓi takarda kafin ka yi nisa da wurin lodi.

Zan iya sayen famit in ƙara buhuna ko falet don tafiyar ta biya?

A'a ɗan'uwa, a nan ne mutane ke fahimtar abin a baibai. Famit na kayan da baya rabuwa ne. Dokar tarayya ta fayyace, kayan da in an raba shi zai daina amfanin da aka yi shi dominsa, ko darajarsa ta lalace, ko kuma kwance shi zai ci fiye da awa 8 na aiki da kayan aikin da suka dace. Taransifoma, katafila, fiffiken injin iska, dogon bim na gada, tankin masana'anta, rabin gida da aka ƙera a kamfani. Shinkafa da yashi da katako duk suna rabuwa, sai ka rage ka dawo ka ɗauki saura.

Kuma ba'a haɗa abu biyu a ƙirƙiri girma. In kana da tankuna biyu kowanne faɗin ƙafa 5 baka isa ka jera su gefe da gefe su zama ƙafa 10 kace a baka famit ba, sai dai ɗaya gaba ɗaya baya. Haka ɗora wani kan wani har ya haura sama. Katafila ma wasu jihohin in faɗin ya kai wani mataki sai sun ce a cire wuƙar gaban a ɗauke ta daban.

Akwai 'yan rangwame. Madarar ruwa tun 2015 majalisa ta ce a ɗauke ta a matsayin kayan da baya rabuwa. Jihohi da yawa suna da famit na shekara don amfanin gona ko gungumen itace a kan hanyoyinsu. In shugaban ƙasa ya ayyana bala'i kamar guguwa, jihohi na iya bada famit na kayan agaji har kwana 120. Motar da ke da ƙaramin injin sanyaya ɗaki ana mata rangwamen laba 550 a jihohin da suka yarda, mai aiki da iskar gas ko lantarki kuma laba 2,000.

Kwantena fa? Mu da muke jan kwantenar da za'a tura Kwatano ko Legas

Wannan ta shafi mutanenmu sosai tunda da yawa a tashar jirgin ruwa ta Newark da Baltimore da Savannah da Houston suke aiki. Kwantenar da aka rufe aka buga mata hatimi za'a fita da ita ƙasar waje ko an shigo da ita, jihohi da dama suna ɗaukarta kamar kayan da baya rabuwa su bada famit ɗin nauyi, wasu kuma basa yi, tarayya ta bar ma kowace jiha zaɓi. Matsalar ita ce mai kaya yana cusa injina da taya da firji har bakin ƙofa don shi kuɗin jirgi yake lissafi, kai kuma zaka tarar da abin a sikeli. Ka tambayi nauyi kafin ka saƙala, in ta yi nauyi ka nemi shasi, wato tirelar ɗora kwantena, mai aksil uku.

Me ake tambaya wajen cike famit, kuma nawa ne?

Lambar USDOT ta kamfani, wato rajistarsa a ma'aikatar sufuri ta tarayya, lambar mota da ta tirela, inshora, bayanin kayan har da lambar jikin injin a wasu jihohin, faɗi da tsayi da tsawo bayan an ɗora, nauyin kowane aksil, tazarar aksil zuwa aksil, girman taya, daga ina zuwa ina da ranar tashi. Ka lura nace bayan an ɗora. Awon da dillali ya turo maka na takarda ne, kai kuma ka ɗauki tef da sandar awo ka auna da hannunka bayan an ɗaure, tun daga ƙasa har ƙololuwa, har da bututun hayaƙi da madubi da duk wani ƙarfe da ya leƙo. Inci biyu sun isa su lalata famit, sun kuma isa su taɓa gada.

Kuɗi ya danganta. Kalifoniya tafiya ɗaya dala 16 ne, na shekara dala 90. Teksas tafiya ɗaya dala 60, in akwai nauyi a ƙara kuɗin gyaran hanya daga dala 150 zuwa 375 gwargwadon nauyin. Wasu jihohin kuma da tan da mil suke lissafi, nan ne kuɗi ke tashi. Farashin nan suna taɓa shi lokaci lokaci don haka ka duba kafin ka yanka ma mai kaya kuɗi. In baka son wahala akwai kamfanonin da aikinsu kenan su cike maka su ɗora ladansu, ga sabon shiga ni ina ganin gara hakan, amma ko su suka cike kai zaka karanta.

Ƙaramin kaya a jihar da ke da manhaja mai fitarwa da kanta cikin mintuna ka samu. Famit ɗin tafiya ɗaya kwanaki kaɗan yake, galibi uku zuwa goma, in mota ta lalace ya ƙare a hanya sai an sabunta.

Allo da tuta da fitila, wanne ne dole?

Allon rawaya da baƙin rubutu OVERSIZE LOAD gaba da baya, wanda aka fi amfani da shi tsawonsa ƙafa 7 ne faɗinsa inci 18. Tuta ja ko ruwan lemo mai inci 18 kowane ɓangare, a kusurwoyin kayan da duk inda yafi faɗi. Ko baka da famit ma dokar tarayya tace kayan da ya leƙo baya fiye da ƙafa 4 ko gefe fiye da inci 4 sai an sa masa tuta. Fitila mai walƙiya ruwan ɗorawa a saman kai wasu jihohi dole wasu a'a. In ka sauke kaya ka cire allon ko ka rufe shi, akwai inda ake rubuta ma mutum tikiti saboda yawo da allo ba kaya.

Yaushe ake buƙatar motar rakiya?

Abin da aka fi gani shi ne daga faɗin ƙafa 12 a hanya mai layi biyu, ƙafa 14 a babbar hanya, amma kowace jiha da nata. Teksas misali in ka wuce ƙafa 14 mota ɗaya, ka wuce 16 biyu, tsawo in ya wuce ƙafa 110 ɗaya, ya wuce 125 biyu, tsayi sama in ya wuce ƙafa 17 sai motar rakiya mai sandar gwada tsayi a gaba. Jihohin gabas tun kafin nan suke nema saboda gadojinsu tsofaffi ne kuma gajeru. A hanya mai layi biyu ɗan rakiya gaba yake shiga don ya gargaɗi masu tahowa, a babbar hanya baya yake komawa. In kayan ya girma sosai sai an haɗa da 'yan sanda kuma kai zaka biya su.

Wasu jihohi kamar Washington da Utah da Colorado da Filorida da North Carolina da New York sai ɗan rakiya yana da takardar shedar horo, kuma ba kowacce ke karɓar ta wata ba. Ka tambaye shi tun a waya. Ɗan rakiya mai arha wanda bai san aiki ba bala'i ne, gara ka biya wanda zai riƙa maka magana a rediyo kowane kwana da kowace gada.

In jiha ta bani hanya, ai ta tabbatar zan wuce ƙarƙashin kowace gada ko?

Toh a nan nake son kowa ya nutsu. A'a. Ka karanta ƙananan rubutun famit ɗin zaka ga sun wanke hannunsu, alhakin tabbatar da cewa kaya zai wuce yana wuyan mai famit. An ƙara kwalta a titi gada ta rage inci biyu, allon da ke jiki bai canza ba, wa zai faɗa maka?

Ranar 23 ga Mayu 2013 wata tirela ɗauke da babban akwatin ƙarfe na aikin haƙar mai ta bi gadar kogin Skagit a kan I-5 a jihar Washington. Tana da famit, tana da motar rakiya mai sanda a gaba. Ƙarafan saman gadar a lanƙwashe suke, tsakiya yafi tsayi gefe yafi ƙasa, direban yana layin dama inda yake ƙasa, wata tirelar kuma tana wuce shi ta hagu a daidai lokacin. Kayan ya bugi ƙarfen sama, ɓangare guda na gadar ya rufta cikin kogi da motoci biyu, Allah ya kiyaye mutum uku aka ciro da rai ba wanda ya mutu. Hukumar bincike NTSB ta gano mai rakiyar tana waya a lokacin, tirelar ta matse ta sosai ta yadda ko an yi gargaɗi ba zai iya tsayawa ba, ba'a tsara wane layi za'a bi a gadar ba, sannan ita ma jihar tsarin bada famit ɗinta bai tantance tsayin gadojin hanyar ba. Kowa ya dogara da wani kenan, direba ya dogara da sanda, kamfani ya dogara da takarda.

Shi yasa in kayanka yana da tsayi ake saita sandar ta ɗara kayan da inci kaɗan, galibi uku zuwa shida, ka bar tazara mai yawa tsakaninka da mai sanda, kuma in tsayin ya kai wani mataki jihar zata ce sai an bi hanyar an auna tun kafin ranar tafiya.

Layin dogo fa, naji ana tsoratarwa

Da gaskiyarsu. Lobet, wato tirelar ɗaukar manyan injina, cikinta bai fi 'yan inci daga ƙasa ba, in mararrabar jirgi tana da tudu sai ta zauna a kai daram, gaba ya ƙi baya ya ƙi. A Disamba 2024 a garin Pecos na Teksas jirgin ƙasa ya daki wani babban kaya a kan mararraba, ma'aikatan jirgin biyu suka rasu. Kowace mararraba tana da shuɗin allo mai lambar waya da lambar wurin, in ka maƙale abu na farko ka fita daga mota ka kira wannan lambar don su tsayar da jirgi, kafin ka kira maigidanka ko kowa.

Da gaske ba'a tafiyar dare?

Ga kaya mai faɗi ko tsayi yawanci haka ne, daga rabin awa kafin fitowar rana zuwa rabin awa bayan faɗuwarta. Mai nauyi kaɗai wanda girmansa bai haura ba kuma yana iya bin gudun sauran motoci, jihohi da yawa suna barinsa dare da rana. Manyan birane suna da awannin da ba'a shiga, safe lokacin tafiya aiki da yamma lokacin tashi. Ranakun hutu shida ne aka fi rufewa, sabuwar shekara, Memorial Day, 4 ga Yuli, Labor Day, Thanksgiving da Kirsimeti, wani lokacin tun azahar ɗin jajibiri. Lahadi ma wasu basa bari. Hazo ko ƙanƙara ko iska mai ƙarfi kuwa famit ɗin da kansa yace ka faka.

Lokacin sanyi rana gajera ce, a arewa kafin biyar na yamma duhu ya yi, ga awanninka na tuƙi 11 cikin 14 suna nan basu canza ba, don haka tun la'asar ka san inda zaka kwana. Kaya mai faɗin ƙafa 14 baya shiga layin fakin ɗin gidan mai, in ka makara sai ka rasa wuri. Abu ɗaya mai daɗi dai, da azumi aikin nan yana maka daidai, rana na faɗuwa dole ka tsaya, ka sha ruwa a zaune ka yi sallarka a natse.

Mene ne dokar narkewar ƙanƙara?

A jihohin arewa irin Michigan da Minnesota da Wisconsin da North Dakota, in sanyi ya fara janyewa wajen Maris zuwa Mayu ƙasan titi yana narkewa daga sama alhali can ƙasa a daskare yake, ruwa ya rasa inda zai bi, titi ya yi laushi. Sai su rage nauyin da aka yarda. Michigan tana rage kashi 25 cikin ɗari a titin kankare, kashi 35 a na kwalta, a hanyoyin da abin ya shafa, kuma famit ɗin nauyi da yawa ana dakatar da su. Ba rana tsayayya, yanayi suke bi su sanar.

Sufalod kuma wane ne shi?

Shi ne wanda ya wuce famit na yau da kullum, sai injiniyoyi sun zauna sun lissafa kowace gada ɗaya bayan ɗaya. Iyakar ta bambanta sosai, Ohio daga laba 120,000, Pennsylvania daga 201,000, Teksas daga 254,300. Makonni yake ɗauka wani lokacin watanni, a kira kamfanin wuta su ɗaga waya, a kwance fitilun hanya. Wanda duniya ta kalla shi ne kumbon Endeavour a Oktoba 2012, mil 12 kacal a cikin Los Angeles daga filin jirgi zuwa gidan adana kayan kimiyya, amma sai da aka sare bishiyoyi kusan 400 aka kwashe fiye da kwana biyu ana tafiya. Wannan ba aikin mai mota ɗaya bane.

In aka kama ni na kauce hanya ko awo bai yi daidai ba me zai faru?

A jihohi da yawa famit ɗin ya mutu nan take, sai a yi maka lissafi kamar baka da shi sam. Wato in kana 120,000 da famit ka bi wata hanyar don GPS yace tafi kusa, ba kaucewar kaɗai za'a ci ka tara ba, laba 40,000 da ka haura za'a lissafa, kuma tarar da laba ake yinta tana ƙaruwa yadda nauyin ke ƙaruwa, dubban daloli cikin sauƙi. Motar kuma ba zata motsa ba sai an kawo sabon famit ko an kawo kuren an sauke. In ka taɓa gada kuɗin gyaran yana kanku. Tikitin sau da yawa sunan direba ake rubutawa ko da kamfani zai biya.

In ka tarar an rufe hanyarka saboda aiki ko hatsari kada ka bi kewayen da ƙananan motoci ke bi, ka samu wuri ka tsaya ka kira ofishin famit su canza maka. Kuma maganar a ɗan ga jami'i a gefe, dan Allah ko da wasa kada ka fara, wannan ɗauri ne ba tara ba.

Akwai lasin na musamman? Ta ina zan fara?

Tarayya bata da wani ƙarin tambari na manyan kaya a kan lasin, lasin tuƙin tirela na CDL ajin A ya isa. Kamfanoni da masu inshora ne ke neman gogewa. Turanci kuma yanzu ba wasa, tun Yuni 2025 jami'i na iya sauke direban da baya iya amsa tambaya ko karanta allon hanya, ga famit shafi shafi da sai ka karanta ka gane, wasu jihohin har sai ka sa hannu a kai.

Ka fara da filatbed ka koyi ɗauri. Injin da ya kai laba 10,000 sarƙa huɗu ne mafi ƙaranci a kusurwa huɗu, hannun eskabeta a sauke a ɗaure shi daban, ƙarfin sarƙoƙin in an haɗa ya kai aƙalla rabin nauyin kayan. Ka duba ɗauri cikin mil 50 na farko, daga nan duk awa 3 ko mil 150. Bayan filatbed sai tirela mai mataki wadda bayanta yafi ƙasa, sannan lobet mai cire wuya, ka fara da faɗin ƙafa 10 kafin ka yi sha'awar 14. Masu aksil 9 da 13 da ake ƙara musu ƙananan tireloli gaba da baya don baje nauyi, waɗannan sai ka zauna ƙarƙashin wani tsohon hannu tukuna.

Mai motar kansa, lissafin yana fita kuwa?

Yana fita in ka iya yanka farashi. Kuɗin mil yafi na akwati nesa ba kusa ba, amma mil ɗin da kake ci a rana kaɗan ne, hanyar famit takan fi ta kai tsaye tsawo, dawowa kuma sau da yawa ba kaya. Kafin ka amsa ma dillali ka tambaye shi ƙarara wa zai biya famit, wa zai biya rakiya da kwanan ɗan rakiya a otal, wa zai biya in 'yan sanda suka ɗaga rana, a rubuta a takardar lodi. Ka tuna da IFTA na harajin mai da IRP na rajistar mota tsakanin jihohi, ka tabbatar nauyin da ka yi rajista ya kai abin da jihar ke nema kafin ta baka famit ɗin nauyi, da harajin fom 2290 na shekara da ke kaiwa dala 550, da jihohin da ke karɓar harajin nauyi da mil daban, Kentucky da New Mexico da New York da Oregon, Connecticut ma ta shigo tun 2023. Inshorar kaya ta dala 100,000 da aka saba bata isa injin rabin miliyan ba, sai ka ƙara ta kafin a ɗora maka.